Kafin a Sayar da Gona a Tafi Neman Hannun Lantarki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi bayani kan abin da ya shafi sana'armu, mu masu haɗa gaɓoɓin roba da masu gashin marasa lafiya. Kwanakin nan bidiyoyi na ta zagayawa a wayoyin jama'a: ga wani da ya fi shekara goma a keken guragu ya miƙe yana takawa, ga wani da hannun ƙarfe ya ɗauki ƙwai bai fasa ba. A ƙasa sai a rubuta wai ƙirƙirarriyar basira ta kawo ƙarshen nakasa. Yawancin hotunan gaskiya ne. Bayanin da ake liƙa musu ne ke buƙatar gyara, kuma gyaran ya zama dole, don akwai iyalan da ke shawarar sayar da gona a kan abin da suka kalla na daƙiƙa talatin.

Hannun lantarkin da ke kasuwa yau ba ya karanta zuciyar kowa, tsoka yake saurare. Idan mutum ya yi niyyar dunƙule hannu, umarni na fitowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya bi jijiya, ya isa tsoka. Da tsokar ta ɗaure sai ta saki wata 'yar wutar lantarki wadda a saman fata ba ta wuce 'yan kaso cikin dubu na bolt ɗaya ba, alhali batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. Manyan tsokokin da ke buɗe yatsu da rufe su ba a tafin hannu suke ba, suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Saboda haka wanda aka yanke wa hannu ƙasa da gwiwa yana nan da su a dungulminsa, kuma suna amsa kira. A jikin soket, wato kwanson da dungulmi ke shiga, ake dasa wasu 'yan faifan ƙarfe masu taɓa fata, ilektirod ke nan. Su ke tsintar wannan wuta, a ƙara mata ƙarfi, a tace ta, a miƙa wa ƙaramar mota mai juya yatsu.

Tsohuwar hanya, wadda ake amfani da ita tun shekarun 1960, ilektirod biyu ne kacal: ɗaya a kan tsokar rufewa, ɗaya a kan ta buɗewa. In mutum na son ya bar yatsu ya koma juya wuyan hannu, sai ya ɗaure tsokokin biyu a tare, kamar mai canza giya. Akwai gajiya a ciki, kuma kullum sai da tunani.

Inda ƙirƙirarriyar basira ta shigo shi ne nan. Maimakon biyu, ana kewaye dungulmi da ilektirod wajen takwas. Na'urar za ta ce wa mai hannun ya yi kamar zai dunƙule, ya riƙe 'yan daƙiƙoƙi, ya yi kamar zai tsunkuli abu, ya yi kamar zai kife tafi, ya huta. Tana yanka saƙon gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, tana auna ƙarfinsa da yawan kai-komonsa a duk wurare takwas. Kowane motsi yana da nasa zane, kamar yadda makiyayi ke gane sawun kowace saniya a turɓaya. Daga baya in ta ga zanen da ya yi kama da na dunƙulewa, sai ta rufe yatsu. Dole hukuncin ya fita kafin kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa, in ya wuce haka mutum zai ji hannun ya yi masa nawa. Kamfanin Coapt na birnin Shikago a Amurka da Ottobock na Jamus duk suna sayar da irin wannan tsari. Ci gaba ne na gaske, mun yarda.

Amma na'urar ta koyi zanen ne a wani yanayi, kuma jikin ɗan Adam ba ya zama a yanayi ɗaya. Gumi ruwan gishiri ne, yana ɗaukar wuta, sai ya haɗa ilektirod da maƙwabcinsa, saƙon ya cakuɗe. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, cikin soket ɗin roba da iska ba ta shiga, wannan lamari ne na kowace rana. Da hunturu kuma akasin haka: fata ta bushe ta yi furu-furu, saƙon ya raunana har sai an ɗan jiƙa wurin. In soket ya zame da santimita ɗaya, ilektirod ya koma sauraron wata tsokar. In an horar da na'urar mutum na zaune hannunsa a kan cinya, ranar da ya ɗaga hannu zai ɗauko kwano a kan kanta sai zanen ya sauya, domin nauyin hannun na danna tsoka ta wata fuskar. Tsokar da ta gaji da la'asar ba ta magana irin ta safe. Dungulmi kansa yana kumbura yana sacewa, mutum ya rame ko ya yi ƙiba. Ga kuma gurnanin wutar gida mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, wanda ke kutsawa cikin saƙon idan ilektirod bai zauna daram a fata ba. Maganin duk waɗannan shi ne a sake horar da na'urar, wani lokaci fiye da sau ɗaya a yini, sannan a koma wurin mai haɗawa ya gyara soket.

Masu talla na son faɗin cewa na'urarsu na dacewa sau 95 cikin 100. A yi lissafi: kuskure ɗaya ke nan cikin kowane motsi ashirin. In kuskuren ya faɗo lokacin da kofin shayi mai zafi ke hannu, mutum ba zai sake amincewa da hannun ba. Ƙari a kan haka, hannun mai yatsu biyar masu motsi yana kai rabin kilo, kuma nauyin a can ƙarshe yake, yana rinjayar dungulmi. Batir kullum sai an yi caji. Yawancinsu ba sa shiri da ruwa da ƙura, sai an cire kafin alwala ko wanki. Kuɗinsu dubban daloli ne, masu tsadar har dubu goma-goma, kuma bayan shekara uku zuwa biyar ana maganar babban gyara ko sabo. Wani nazari da aka wallafa a 2007, wanda ya tattara binciken shekara ashirin da biyar, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na manya masu hannun lantarki sun ajiye shi sun daina sawa. A ƙasashen da ke da wuta da masu gyara ke nan.

Akwai abin da ya faru a birnin Zurik na Suwizalan a 2016 da ya kamata a riƙa tunawa. An yi gasar masu gaɓoɓin roba mai suna Cybathlon, ana yanka burodi, ana shanya kaya da maƙalai, ana ɗaukar jaka. Wanda ya zo na ɗaya a ɓangaren hannu, Bob Radocy, ba hannun lantarki ya sa ba. Hannu ne mai igiyar ƙarfe irin ta birkin keke, wadda ake ja da kafaɗa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san aikin: ta jikin igiyar mutum na jin ƙarfin riƙonsa, kamar yadda mai keke ke jin birki a yatsunsa. Hannun lantarki na kasuwa galibi ba ya mayar da ji, sai dai ido ya yi ta gadinsa.

A ganinmu, ci gaban da ya fi kowanne amfani a ɗakin tiyata ya faru. Idan aka yanke hannu a kafaɗa, tsokokin yatsu sun tafi, amma jijiyoyin da ke kai musu umarni suna nan, an datse su ne kawai. A 2002 likitoci biyu a Shikago, Todd Kuiken da Gregory Dumanian, suka ɗauki waɗannan jijiyoyi a jikin Jesse Sullivan, ma'aikacin wutar lantarki da wuta ta cinye wa hannu biyu, suka dasa su a sassan tsokar ƙirjinsa. Jijiya na tsirowa kimanin milimita ɗaya a rana, don haka sai bayan wata uku zuwa shida aka fara ganin abin: in ya yi niyyar rufe hannu, wani yanki na ƙirjinsa ya motsa. Tsokar ƙirji ta zama lasifikar jijiyar, ilektirod na saurare daga sama. Daga baya aka lura da wata fa'idar da ba ita aka fita nema ba. Jijiyar da aka datse aka bari tana tsirowa babu inda za ta, sai ta cure ta zama ƙullutu mai zafi kamar an jona wuta, wanda ke hana mutum sa soket ko da na zinare ne. In an ba ta tsokar da za ta shiga, ƙullutun da ciwon gaɓar da babu ita duk suna raguwa. A Jami'ar Mishigan, Paul Cederna da abokan aikinsa suna yin makamancin haka ta naɗe bakin jijiyar da ɗan yankin tsoka. Wannan aiki ba ya buƙatar a dasa wata na'ura a jiki. Likitan tiyata ne da ya san hanyar jijiyoyi, da gilashin ƙara girma, da zare siriri, da ƙarin lokaci a kan tebur. Yana amfanar har wanda ƙugiya mai igiya zai sa.

A ɓangaren ƙafa, Hugh Herr na jami'ar MIT, wanda shi kansa sanyin ƙanƙara ya raba shi da ƙafafunsa biyu a 1982, ya fito da wata dabara tare da likitocin birnin Boston. A lafiyayyar ƙafa tsokoki bibbiyu suke aiki: ɗaya na ja, kishiyarta na miƙewa, kuma daga wannan miƙewar ƙwaƙwalwa ke sanin inda ƙafa take ko a cikin duhu. Yankan da aka saba yana raba su. Likitocin na Boston kuwa sai su ɗinke bakin kishiyoyin biyu a cikin dungulmi, jan ɗaya ya ci gaba da miƙe ɗayar. A 2024 suka wallafa sakamakon mutum goma sha huɗu da aka ba ƙafar lantarki iri ɗaya, bakwai masu sabon ɗinki, bakwai masu tsohon. Masu sabon sun fi sauri da kashi 41 cikin ɗari, sun kuma fi iya hawa matakala da tsallake abu. Na'ura ɗaya, bambancin a dungulmi yake.

Ana kuma dasa sandar titaniyom cikin ɓargon ƙashi ta leƙo waje a ɗaura gaɓar a kai, babu soket. An fara wannan a Gotenbag ta Suwidin a 1990. Yana kawar da gogayya da zamewa, sai dai ya bar ƙofa buɗe a fata har abada. Sai wanki kullum, ruɓar bakin wurin abu ne da ake yawan gani, kuma ba a cika yi wa mai ciwon suga ko mai toshewar hanyoyin jini ba.

To, waɗanda ake dasa wa na'ura a ƙwaƙwalwa fa? Su ne taurarin bidiyo, kuma dukkansu mahalarta gwaji ne, ba masu saye ba. Abin da aka fi dasawa wani ɗan faranti ne, milimita huɗu a huɗu, mai allurai ɗari da ke shiga fatar ƙwaƙwalwa kimanin milimita ɗaya da rabi. Da shi Cathy Hutchinson, wadda ta kusan shekara goma sha biyar a shanye, ta sarrafa hannun inji ta kai kofi bakinta, aka wallafa a 2012. A Pitsbag ta Amurka an ƙara wa Nathan Copeland, wanda shi ma ya shanye, wasu faranta a sashen ji, yadda in yatsan injin ya taɓa abu za a ɗan tsikari ƙwaƙwalwarsa. Lokacin da yake ɗauka wurin ɗaga abu ya ajiye ya sauko daga kimanin daƙiƙa 21 zuwa 10. Maganar igiyar birki ce dai ta dawo.

Mutumin da ke takawa a bidiyon da ya fi yawo Gert-Jan Oskam ne, ɗan ƙasar Holan, wanda ya yi hatsarin keke a 2011. Masanin kimiyya Grégoire Courtine da likita Jocelyne Bloch a Lozan ta Suwizalan suka yi aikin, aka bayyana shi a Mayun 2023. An cire ƙashin kansa wuri biyu, faɗin santimita biyar-biyar, aka maye da faifai masu ilektirod 64 kowanne. Saƙon na zuwa kwamfutar da yake goye da ita, ita ta hasashi wace gaɓa yake son motsawa, ta aika wa wasu ilektirod 16 da aka shimfiɗa a kan lakarsa ta ƙugu. Abin da bidiyon bai faɗa ba: lakarsa ba ta tsinke gaba ɗaya ba, ya sha horo na watanni, da sanduna ko abin dafawa yake tafiya, kuma sai da aka cire ɗaya daga cikin faifan na wani lokaci saboda ƙwayar cuta ta shiga wurin. Na kamfanin Neuralink kuwa, wanda aka fara dasa wa wani mai shanyewar jiki, Noland Arbaugh, a Janairun 2024, kibiyar kwamfuta ya sarrafa da shi, kuma cikin makonni da yawa daga zarurruka 64 na na'urar suka zame daga inda aka soka su a ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa na motsi da kowace bugun zuciya, jiki kuma yana gina tabo kewaye da duk baƙon abu, saƙon ya yi ta dusashewa da shekaru.

Sai wata matsalar da ba ta kimiyya ba. Kamfanin Second Sight ya dasa wa makafi fiye da 350 na'urar gani mai suna Argus II, sannan ya daina yin ta a 2019, ya kusa rufewa a 2020. Mutane suka wayi gari da na'ura a ido babu mai gyara. Wanda ke zaune a Gusau ko Damagaram ya auna wannan da kyau.

Masu shanyewar ɓarin jiki sun fi waɗanda aka yanke wa gaɓa yawa nesa ba kusa ba, kuma su ma ana tallata musu injinan motsa hannu. A Birtaniya an gwada irin wannan inji a kan mutum 770, minti 45 sau uku a mako har mako goma sha biyu, aka wallafa a 2019: aikin hannun bai fi na waɗanda aka yi wa gashin da aka saba ba. Abin da ke sa ƙwaƙwalwa ta buɗe sabuwar hanya maimaici ne mai manufa. An taɓa ƙirgawa a asibitocin Arewacin Amurka aka tarar a zama ɗaya mara lafiya na maimaita aikin hannu sau 32 ne a matsakaici, alhali dabbobin gwaji ɗaruruwa suke yi a yini. Amfanin inji shi ne ba ya gajiya da ƙirga. Amma tsintar wake daga faranti zuwa kofi, jan carbi da yatsun da suka raunana, ɓalle maɓallin riga, in an yi su sau ɗari biyu ko uku a yini bisa tsarin da likitan gashi ya bayar, hanya ɗaya suke bi. Kada dai a ja hannun da ya shanye daga wuyan hannu wurin tayar da mutum, kafaɗar na gocewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya ne cikin goma masu buƙatar gaɓar roba ko abin tallafe gaɓa ke samu. A nan arewa ana haɗa su a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da cibiyar da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020, inda ake aiki da roba mai jure zafi da ruwa wadda za a iya gyarawa a nan gida. Abin da ke kai mutanenmu ga yanka kuwa sananne ne: hatsarin babur da mota, gyambon ciwon suga, harbi da fashewar bam, sai kuma ɗaurin karaya da ya yi tsauri. Ba mu raina masu ɗori ba, su jama'a ke fara samu. Amma gaɓar da ta karye tana kumbura cikin kwana biyun farko, karan ɗori kuwa ba ya buɗewa. Tsokar da jini ya yanke mata wajen awa shida ta fara mutuwar da ba ta dawowa. In ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, in miƙe yatsa na sa ihu, in yatsu sun yi sanyi ko sun mutu da ji, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, kada a jira gari ya waye.

In yankan ya zama dole, roƙonmu ga 'yan'uwa likitocin tiyata shi ne a ceci gwiwa duk inda hali ya yi. Mai yanka ƙasa da gwiwa yana ƙara kashe ƙarfi kimanin kashi ɗaya cikin huɗu wurin tafiya, mai yanka sama da ita fiye da rabi. A bar ƙashin ƙwauri santimita 12 zuwa 15, a goge kaifin bakinsa, a ɗinke tsoka ta rufe shi, kowace jijiya a nemo ta a san inda aka ajiye ta. Bayan aiki, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kada a sa matashi ƙarƙashin gwiwa, don cikin makonni kaɗan za ta ƙage a lanƙwashe, ƙafar roba ba za ta zauna ba. Mai yanka a cinya ya riƙa kwanciya rub da ciki minti ashirin zuwa talatin, sau biyu ko uku a rana. A naɗe dungulmi da bandeji mai talewa, naɗin gicciye ba na zobe ba, ya fi matsewa a ƙasa ya sassauta a sama, a warware a sake duk bayan awa huɗu zuwa shida. Naɗin zobe yana shaƙe jini, ƙarshen ya kumbura kamar tulu. Mai yankan hannu kuma ya ci gaba da yin kamar yana buɗe yatsun da babu yana rufewa kowace rana, ya sa ɗaya hannun ya ji tsokar na motsi. Tsokar da aka bari shekara biyu ba a kira ta ba tana shanyewa, ranar da hannun lantarki ya yi araha ba abin da zai saurara. Ana fara gwada soket da zarar ciwo ya warke, galibi mako shida zuwa takwas, kuma a sa rai za a sake shi, domin dungulmi kan yi shekara guda yana sacewa.

Wanda duk da haka yake da hali kuma ya ƙudurta tafiya Indiya ko Masar ko Turkiyya neman hannun lantarki, kafin ya biya ko sisi ya nemi a ɗora masa ilektirod a dungulmi ya ga saƙon tsokarsa a allo da idonsa, buɗewa daban, rufewa daban. Ya tambayi wa zai gyara soket in ya yi masa yawa bayan wata huɗu, nawa ne batir da safar hannun, garantin shekara nawa ne kuma wa ke biyan kuɗin aikawa da dawowa. Ya kwana aƙalla mako biyu a can yana horo, ba ya karɓa ya wuce filin jirgi ba. Sannan ya sa a haɗa masa na igiya mai ƙugiya a cikin kuɗin, domin shi zai riƙa sawa a gona da kasuwa, da duk watannin da wancan ke hanyar zuwa gyara.

Wassalam.

Naka,
Wasu ma'aikatan sashen gashi da haɗa gaɓoɓin roba,
Kano.